Gyaɗar Shuka da Muka Soya a Toranke

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Kano, mu uku a tsohuwar jif ɗin ofis: ni da mai ɗaukar hoto da direba. A baya mun loda kyamara da ƙafafunta uku, da rikoda, da jarkar ruwa, da gwangwanin fim guda huɗu. Huɗun nan su ne iyakar abin da ma'ajin gidan talabijin ya yarda ya ba ni, kuma sai da ya biyo ni har bakin mota yana tuna mini cewa kowanne minti goma ne kacal, in na ɓarnatar babu ƙari.

Bari in faɗi abin da ya fitar da ni, don kada a zaci yawon buɗe ido na tafi. Gidan talabijin ɗinmu sabo ne, kuma yawancin abin da muke nunawa sayo shi ake yi daga waje: Turawa a kan dawaki suna harbin juna, da wasu ƙatti masu kokawa a cikin igiya. Akwai rabin awa ta ranar Alhamis da shugaban sashenmu ya ce zai ba duk wanda ya kawo sabon shiri na gida kafin ƙarshen wata. In ba a samu ba, ƙattin nan za a ƙara wa lokaci. Ni kuwa aro na aka yi daga rediyo, kuma an gaya mini ɓaro-ɓaro cewa in ban kawo wani abu ba zan koma inda na fito, in ci gaba da karanta sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa. Shekara shida na yi a kan waccan kujera, ko a mafarki ba na son in sake ganinta.

Abokan aikina kowa ya kawo tasa dabarar. Wani ya ce a yi kacici-kacici tsakanin makarantu. Wani ya ce a zaunar da manyan ma'aikata a kujeru masu taushi a yi musu tambayoyin da aka riga aka aika musu. Ni na ce a fitar da kyamara daga ɗaki. A je ƙauye, a zaɓi gida ɗaya da sana'a ɗaya, a bi ta tun daga farko har ƙarshe, ba mai gabatarwa da kwat, ba mai aron bakin mutane. Su yi aikinsu, su yi maganarsu da kansu. Shugaba ya saurara yana buga biro a tebur, sannan ya ce, "To, je ka gwada. Amma ka kawo mini gyaɗa. Nan Kano ce, in babu gyaɗa a ciki ba wanda zai kalla." Na ce, "An gama, ranka ya daɗe." Da ƙarfi kuwa na faɗa, irin na ɗan birnin da bai taɓa riƙe fartanya ba. Na san dai cutar kuturtar shuka ta cinye gyaɗa bara, amma a jarida na sani.

Rana ta ɗan taso muka isa Wudil. Kogin ya janye, sai yashi da wani siririn ruwa a tsakiya, masu wanki sun bi shi har can. Muka tsaya a ƙetaren gada muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, uku a kwabon da bara ake ba da biyar, kuma da manja aka soya shi. Na tambayi mai ƙosan dalili, ta dube ni daga hula har takalmi ta ce, "Daga ina kake, Malam? Man gyaɗa ai sai dai a asibiti yanzu." Masu tukwane da ke gefenta suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, na ɗauka raha ce irin ta bakin tasha.

Daga nan muka kama hanyar Gaya. Jar ƙasa ce mai gargada, jif ɗin tana karkarwa har haƙora na haɗuwa, mai ɗaukar hoto ya rungume akwatin kyamara a cinya don kada wani abu ya goce a ciki. Bazara ce, zafi tun da hantsi ya fara duka. Gonaki an share su an ƙone karan, suna jiran ruwa. Sai gawo da kuka nan da can, da shanu ramammu a inuwarsu. Direbanmu mutumin karkara ne, dattijo mai ƙarancin magana, ya riƙa nuna mini gonaki da haɓa yana cewa wannan ta gyaɗa ce da, waccan ma ta gyaɗa ce da. Ban san yadda yake ganewa ba, ni duk ƙasa nake gani.

A Gaya muka fara gaida hakimi, don ba a shiga ƙasar mutum da kyamara ba a sanar da shi ba. An karɓe mu da mutunci, aka kawo fura mai sanyi a ƙwarya, aka rubuta mana takarda zuwa ga dagatai. A nan kuma gwangwanina na farko ya salwanta. Da jin an zo da abin ɗaukar hoto, sai manyan gari suka koma gida suka sako manyan riguna, aka jera kujeru a ƙofar fada, kowa da jawabinsa a baki. Wani ya yi godiya, wani ya roƙi rijiya, wani ya ba da tarihin garin tun daga kakanni. Na raɗa wa mai ɗaukar hoto cewa ya yi kamar yana ɗauka, kada ya kunna. Sai wani tsoho da ya taɓa aikin soja ya ce shi ya san ƙarar abin, bai ji tana yi ba. Dole aka kunna. Ina tsaye ina murmushi ina jin minti gomana na tafiya, raina kuwa baƙi ƙirin.

Mun kwana a masaukin baƙi, da sassafe muka nufi Ajingi, don ranar kasuwa ce. Na yi tunanin in ɗauki kasuwar ta zama mabuɗin shirin. Kasuwa ta ci, amma ba irin cin da ake ba mu labari ba. Gero da dawa sun yi tsada, masu saye da rabin kwano sun fi yawa. Awaki kuwa da kaji sun yi arha, kuma direba ya ce wannan ba alamar alheri ba ce, mutane ne ke fitar da abin da suka ajiye. A bakin kasuwa na ga rumfar masu awon gyaɗa, sikeli a rataye ya yi tsatsa, wani mai gyaran keke ya mayar da wurin nasa. Na zaga layin hatsi sau biyu ban ga ko tiya ɗaya ta gyaɗa ba.

Muna kafa kyamara kasuwa ta tsaya cik. Mai nama ya ajiye wuƙa, mai awo ta ajiye kwano, kowa ya juyo ya zuba mana ido. Aka yi ta cewa 'yan majigi sun zo, ana tambaya ko yau za a haska. Na hau kan wani buhu ina roƙo, "Jama'a, don Allah kowa ya ci gaba da harkarsa, kada a kalle mu!" Sai kallon ya ƙaru, don yanzu ga mutum a kan buhu yana ihu. Mai ɗaukar hoto ya gwada daga nesa, ya gwada daga bayan rumfa, ya hau kan jif. Duk inda ya juya sai idanu. Da gwangwani na biyu ya ƙare, ya sauko ya ce mini, "Mun samu fuskoki ɗari biyar da ɗan akuya ɗaya. Ɗan akuyan ne kaɗai ya iya wasan." Ban yi dariya ba. Saura biyu, kuma ba ni da ko minti ɗaya da zan nuna wa shugaba.

Wani mai sayar da goro ne ya ce mu gwada Toranke, ya ji ana cewa da akwai masu ƙuli-ƙuli a can. Muka saki babbar hanya muka shiga yashi. Sau biyu motar ta kafe, muka sauka muka tura, takalmina na zuwa ofis ya cika da ƙasa mai zafi. Kafin azahar muka shiga garin: dangar kara, rumbuna da yawa a buɗe ba jinka, masallacin ƙasa, da wata babbar ɗorawa inda dattawa ke zama.

Dagacin dattijo ne siriri, carbi a hannu. Aka karanta masa takardar hakimi, ya yi mana maraba, aka shimfiɗa tabarma. Na ce, "Allah ya ja da ran dagaci, gida ɗaya nake nema inda ake ƙuli-ƙuli, mu ɗauka tun daga ɓarar gyaɗa har suya, a nuna wa duniya." Ya dubi na damansa, ya dubi na hagunsa, su kuma suka dubi ƙasa. Na zaci tunanin wanda ya fi iyawa yake yi. Can ya ce, "A kira mini Haladu."

Malam Haladu ya zo da taguwa shuɗiya wadda ta koɗe, mutum ne da ya haura hamsin, gajere mai faɗin kafaɗa. Ya durƙusa ya gaida dagaci, ya gaishe mu.

Dagaci ya ce, "Haladu, baƙin hakimi ne. Gyaɗa suke so su ga an soya an yi ƙuli."

Ya ce, "Gyaɗa, ranka ya daɗe?"

"Gyaɗa."

Ya ɗan jima yana duban tabarma, sannan ya ɗago da fara'a ya ce, "To, ai akwai. Bismillah, ku taso."

Wallahi a lokacin ji na yi kamar in rungume shi. Bayan sallar azahar aka shirya komai a ƙofar gidansa, don mu maza ba za mu shiga ciki ba, kuma kyamara tana son haske. Yayarsa ce za ta yi aikin, Gwaggo Tabawa, tsohuwa wadda mijinta ya rasu ta dawo gidan ƙanenta, an ce duk yankin ba wanda ya kai ta hannu. Ta fito da kasko da turmi da faifai, ta haɗa murhu da duwatsu uku. Malam Haladu kuma ya zaga bayan gida, shi da wani maƙwabcinsa suka ciccibo wata babbar tukunya, an liƙe bakinta da laka ta bushe. Ya sa ƙotar fartanya ya fasa lakar. A ciki gyaɗa ce da ɓawonta, an cakuɗa ta da toka. Mai ɗaukar hoto har da tsalle, ya ce bai taɓa samun mabuɗi mai kyau irin wannan ba.

Aka zuba rabi a tabarma, aka kaɗe tokar, tsofaffin mata uku suka zauna ɓara. 'Yar ƙarama ce gyaɗar, ja, cikakkiya. Mazan gari suka taru a gefe, sun kai talatin, suka tsaya. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne a karon farko tun da muka baro Kano ba wanda ya kalli kyamara. Ba mai ɗaga hannu, ba mai dariya. Na ce a raina, ga mutane masu hankali, ga shirin da na yi mafarki. Kasko suke kallo.

Gwaggo Tabawa ta zuba gyaɗar a wuta, ƙamshi ya tashi, sai na ji an ja ni ta hannun riga. Direba ne. Ya kai ni bayan jif ya ce, "Malam, gyaɗar nan ba ta ci ba ce. Ta shuka ce."

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Ba ka ga toka ba? Ba ka ga laka ba? Wa ke liƙe gyaɗar ci haka? Wannan ruwan farko take jira. Kuma na tambaya, duk garin nan tasa ce kaɗai ta tsira bara, a wata 'yar kusurwa kusa da fadama. Waɗancan da ke tsaye, kowa an yi masa alkawarin ɗan abin da zai fara da shi."

Na ce, "To me ya hana shi faɗa?"

Ya dube ni irin duban da ake yi wa yaron da ya yi tambayar wauta a gaban manya. Ya ce, "A gaban dagaci? Kai kuma da takardar hakimi a hannu? Baƙo ya tambaya a ce masa babu, alhali akwai?"

Na koma wurin aikin. Abin da ya shiga kasko ya riga ya shiga. Na lallashi kaina da cewa ai rabi ne, rabin yana nan a tukunya, rabi ma iri ne. Aka sauke, aka murje, aka bakace a faifai, aka zuba a turmi, mata biyu suka kama daka. Ni ina riƙe da rikoda ina ɗaukar ƙarar taɓarya, ina ta duban tukunyar nan a gindin danga.

Ana gab da gama daka kyamara ta yi wata ƙara ta tsaya. Mai ɗaukar hoto ya tura ta cikin baƙar jakarsa ya lalubo da hannu, fuskarsa ta canja. Fim ya sarƙe. Ya ce fasa tukunya da ɓara suna nan lafiya, amma daga suya zuwa nan duk ya cukurkuɗe, ba abin da za a wanke. Ya ce, "Saura gwangwani ɗaya. In muka ci gaba daga turmi, za a ga ɗanyar gyaɗa, sai kawai a ga tunkuza. Shugaba zai ce ina suyar? Suyar ce shirin. Sai an sake daga kasko." Shi bai ji abin da direba ya gaya mini ba, kuma ban gaya masa ba.

A nan ne nake so mai karatu ya san ba a rufe mini ido ba. Na sani. Na tsaya ina kallon tukunyar, ina kallon gwangwanin ƙarshe, kujerar sanarwa ta faɗo mini a rai, da dariyar da abokan aiki za su yi in na koma da jawaban Gaya da ɗan akuyan Ajingi. Na ce wa kaina ɗan kaɗan zan roƙa, cikin tafin hannu biyu, abin da zai rufe gindin kasko. Na matsa kusa da Malam Haladu na ce, "Baba, injin ya ba mu matsala. Ko za a ɗan ƙara kaɗan, mu sake suyar?"

Bai ko tambaye ni mene ne matsalar ba. Ya tafi ya ɗauko tukunyar, ya kawo ta bakin tabarma. Ni ban san cewa mutum irinsa ba ya auna wa baƙo da tafin hannu a gaban jama'a ba. Ya kama gindinta zai kife.

Gwaggo Tabawa ta ɗago daga turmi ta ce, "Haladu, duka?"

Ya ce, "Duka, Yaya."

Ya kife ta, har ya bubbuga gindin. Akwai ɗan lokaci, tsakanin zubawa da ɓara, da zan iya cewa a tsaya, a mayar da saura. Mai ɗaukar hoto ya riga ya ɗora sabon fim yana cewa rana na karkata. Na buɗe baki na ce, "Mu je."

Aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Hayaƙi ya bi ta cikin hasken la'asar, hannun tsohuwar nan yana juya gyaɗa ba gaggawa, daga baya tana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan a turmi tana murzawa har mai ya taso ya kwanta a sama. Ta mulmula tunkuza, ta lanƙwasa ta zobe-zobe, ta jefa a mai. Mazan da ke tsaye suka fara raguwa ɗaya-ɗaya, ba sallama. Da aka kai ƙarshe bai fi mutum biyar suka rage ba.

Saura hira. Ina da tambayoyi a takarda da na rubuta tun a ofis, na bi su kamar yadda suke. Ya ba ni labarin gyaɗar: daga wurin mahaifinsa ya gaje ta, ba ta da yawan 'ya'ya kamar wadda malaman gona suka kawo, amma tana da mai, kuma tana jure wahala. Ya yi maganarta da sakin fuska. Tambaya ta ƙarshe a takardar ita ce, "Bana me za ka shuka?" Na karanta ta kafin in ankara. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Abin da Allah ya hore, ɗan nan. Gero ma abinci ne."

Da za mu tafi na kai hannu aljihu. Ya riƙe mini hannu ya ce in ina so mu rabu lafiya in bar shi a ciki. Sai ma suka cika mana ƙwarya da ƙuli-ƙuli, da kwalbar mai an toshe bakinta da totuwa. Gwaggo Tabawa ta rako mu har mota, tana goge hannu da gefen zane. Ta ce, "Ɗan nan, yaushe za a zo a haska mana?" Na yi mata bayani cewa wannan ba majigi ba ne, a cikin akwati ake gani, kuma sai inda akwai lantarki. Ta ce, "To su wa za su gani?" Na ce mutanen birni. Ta gyaɗa kai ta ce, "To, a gaishe su."

Muna fita daga yashin Toranke na ga gabas ta yi baƙi. Hadari ne, na farko a bana. Iska ta taso, mutane a gonaki suna ɗaga kai suna nunawa. Kafin mu kai Gaya aka fara yayyafi, ƙasa ta tashi da ƙamshi, mai ɗaukar hoto ya ce kai, yau mun yi sa'a ta ko'ina. An miƙa wa direba ƙuli ya ce ya ƙoshi. Ni na ci. Yunwa nake ji, kuma ban taɓa cin ƙuli mai daɗinsa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Mun iso gida lafiya. Washegari na shiga kasuwanni neman gyaɗar shuka. Na sami wata a wurin wani ɗan kasuwa da ya rantse mini iri ce, na saya na ba direba ya kai ranar hutunsa. Ya dawo ya ce Malam Haladu ya yi godiya ƙwarai, ya sa albarka. Na ce za ta fito? Ya ce tsohuwar gyaɗa ce, rabinta ƙwari sun huda, ya ga Malam Haladu ya murza ɗaya ya shinshina ya miƙa wa yayarsa buhun ta yi ƙuli.

Aka wanke fim, na zauna haɗawa kwana uku. Na zubar da Gaya da Ajingi gaba ɗaya. Da na zo kan muryoyi, sai ga muryar Gwaggo Tabawa a kaset, tar kamar tana gabana: "Haladu, duka?" da amsarsa. Na saurara ya fi sau goma. Ni ne na tsaya a gaban shugaba na ce shirina zai bar mutane su yi magana da bakinsu, kuma a duk abin da na ɗauko ba maganar da ta kai wannan zama tasu. Amma duk wanda ya ji zai tambaya duka me, in an tambaya kuma dole in amsa. Na sa almakashi na cire ta, na ɗora kiɗan garaya a wurin.

Shekaranjiya aka nuna wa shugaba. Ya kalla har ƙarshe bai buga biro ko sau ɗaya ba. Da aka kunna fitila ya tashi ya ba ni hannu, ya ce wannan shi ne talabijin, ga albarka a karkara ana ta cewa babu. Ya yaba yadda jama'ar gari suka nutsu. Nan take ya ba ni rabin awar Alhamis, ya ce mako goma sha uku a jere, kowane mako sabon ƙauye da sabon gida, kuma zai nema mini takarda daga sama wadda ta fi ta hakimi ƙarfi, don kada a ɓata mini lokaci a ko'ina. Abokan aiki suka taya ni murna. Na amsa, na yi godiya, ban ce komai a kan tukunya ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Na fita ina ganin kyamara ido ce kawai, tana kallon abin da ta tarar. Ashe in ta sauka a ƙofar talaka tare da motar gwamnati da takardar hakimi, roƙon da ke bayanta umarni ne, kuma mai gida zai ba da abin da bai kamata ya bayar ba yana murmushi, don kada a ce ya kunyata garinsu. Na koyi wannan a Toranke kafin a kife tukunya, ba bayan an kife ba, kuma sanin bai hana ni ba. Ina jin kunyar da ban san inda zan kai ta ba.

Direba ya nemi a mayar da shi motar ɗauko ma'aikata, an kuma mayar da shi. Takardar jerin garuruwa tana gabana yanzu, na rubuta Toranke a layin farko. An yi ruwa sau biyu a makon nan, ko'ina shuka ake yi. Gobe da safe shugaba yake son sauran sha biyun, kuma na san zan rubuta su.